Kasuwar da Ba a Cewa Albarka

Ubana dillalin shanu ne, Mati na Indo.
Kowace Lahadi asuba a Mai'aduwa take yi masa.
Yakan buɗe bakin bijimi ya ƙirga haƙora,
in an taya ƙasa ya ce albarka,
ya juya baya kamar zai tafi, alhali ba inda za shi.
Ni ɗansa ina Daura, shagona kwamfuta huɗu,
ina sayen abin da ba ƙaho, ba kofato.

Kasuwa uku nake ci, duk cikin gilashi ɗaya.

Ta fari tsohuwa ce, rumfunanta ba su ƙirguwa:
ƙwallo, tseren mota, yaƙin dodanni,
har wasan noma, don wanda gonar gaske ba ta ishe shi ba.
In ta karya farashi
mai hankali ma sai ya koma kaza a bakin rumbu.
Bakwai na saya bara. Biyu na buɗe.
Amma tana da hali. Ka kunna, ta ce dakata,
akwai sabuntawa, giga goma sha takwas.
Yara shida kan benci, kowa da ɗari biyunsa a dunƙule,
muna kallon siririn layi
yana tafiyar hawainiya.
Kashi tamanin da tara aka ɗauke wuta.
Lurwanu ya dafe kai.
Janareta ya yi tari biyu, ya koma barci.

Ta biyu sabon buɗi ce, tana neman jama'a.
Duk mako sai ta miƙo wasa guda kyauta,
gyara tun ba a auna ba.
Na tara sun fi arba'in, kamar mai tara duwatsu.
Ubana ya ce, in gyara ta fi awo, duba gindin mudun.
Na duba. Wasan da yara ke mutuwar so
ta kulle shi a ɗakinta, sai dai a wurinta,
kuma kafin ƙofarta ta buɗe
na sha shayi, na wanke kofi.

Ta uku ƙarama ce, kayanta tsofaffi,
ba hayaniya.
Ka biya, ka sauke, ka zuba a filashi, ka sa aljihu.
Ko intanet ya yi yaji wata guda, naka naka ne.
Sai dai yara sun ce zanenta na zamanin kakanni ne.

Dukansu da dala suke magana.
Katina ya gaishe su sau uku, ba su amsa ba,
sai da Sabi'u ya ara mini nasa daga Kano,
datar kuma ta tafi kamar ruwa a rariya.

Ran Litinin tsohon ya leƙo, da ƙurar kara a takalminsa.
Ya ce, ina kayan da ka saya?
Na nuna masa jerin sunaye.
Ya ce, ina igiyar?
Wanda bai kama igiya ba bai sayi sa ba,
kiwo aka ba shi.
Ran da mai shi ya rufe rumfa fa?
Na ciro filashin nan na ɗora a tafinsa.
Ya juya shi, ya auna nauyinsa.
Wannan ce igiyar? To. Ta cika gajarta.

Bai tafi ba.
Ya ja kujerar roba, na kunna masa wasan noma.
Wata saniya baƙa da fari ta tsaya tana kallonsa.
Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.
Ba ta da tozo, ya ce. Nawa suka sa mata?
Na faɗa masa da naira.
Ya tsuke baki, ya ce wa kwamfuta ta rage,
ya juya mata baya,
yana jira ta kira shi.